Mace 'Yar Siyasa a Bakin 'Yan Jarida

Maza masu leƙo mu ta bayan labule, maganar yau har da ku.

Yau maganar gidanmu zan yi, wato gidan 'yan jarida. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. To ni yau da nawa zan fara.

Ana gab da zaɓen 2015, ina sabuwar shiga aiki, ban daɗe da kammala karatun aikin jarida ba, sai aka tura ni in yi hira da wata baiwar Allah da ta fito neman kujerar majalisar dokokin jiha. Ma'aikaciyar jinya ce da ta daɗe tana aiki a karkara. Ta zo da takarda a hannunta, ta jera sunayen ƙauyukan mazaɓarta waɗanda ke da ɗakin shan magani amma babu ungozoma ko ɗaya. Minti goma aka ba ni. Tambayata ta farko ita ce, "Hajiya, me maigida ya ce da kika gaya masa za ki fito takara?" Ta biyu, wa zai kula da yara. Ta uku, ko ba ta tsoron abin da mutane za su ce. Kafin in farga minti bakwai sun tafi a kan gidanta. Da na kashe rakoda, ta ninke takardarta ta sa a jaka, ta dube ni ta ce, "'Yata, ai ba ki tambaye ni abin da zan yi wa mutane ba."

A makon nan kuma na yi hira da wani ɗan takara namiji mai mata uku da 'ya'ya goma sha. Wallahi ko a raina bai zo ba in tambaye shi wa zai kula da yara. Babu editan da ya ce min in yi haka. Ni kaina na taso da tambayoyin nan a kunnena, na ɗauka su ne tambayoyin da ake yi wa mace.

To 'yar uwa, wannan shi ne abin da nake so mu duba: yadda rediyo da talabijin da jaridu, da kuma shafukan intanet a yanzu, suke nuna miki mace 'yar siyasa. Kada ki ce ina ruwanki. Yawancinmu ba mu taɓa zama da sanata ko 'yar majalisa ido da ido ba. Abin da muka sani game da su, a akwatin rediyo muka ji shi, ko a waya muka gan shi. Da wannan jin ne muke zuwa rumfar zaɓe.

Abu na farko ma shi ne, sau da yawa ba a nuna ta sam. Akwai wani shiri na duniya mai sa ido a kan kafofin watsa labarai, wanda ake taƙaita sunansa da GMMP. Duk bayan shekara biyar sukan zaɓi rana ɗaya, masu aikin sa kai a ƙasashe da dama su zauna su ƙirga mutanen da suka fito a labaran wannan rana. A 1995, cikin kowane mutum 100 da aka ji ko aka gani ko aka karanta labarinsu, 17 ne kawai mata. A 2020, bayan shekara 25 ke nan, adadin ya kai 25. Wato har a lokacin, cikin mutum huɗu da ke labarai, ɗaya ce mace. Ke ma kina iya gwadawa. Gobe da safe ki saurari labaran siyasa, ki ajiye ƙwayar wake a dama idan kin ji muryar namiji, a hagu idan kin ji ta mace. Gani ya kori ji.

Abokan aikina maza za su ce, to ai ba laifinmu ba ne, matan ne ba su da yawa a kan kujeru. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. A 1999 mata uku ne suka shiga Majalisar Dattawa mai kujera 109. A 2007 suka kai tara. Bayan zaɓen 2023 kuma suka koma huɗu, ta huɗun ma sai da kotu ta karɓo mata kujerarta. A Majalisar Wakilai mai kujera 360, matan da zaɓen 2023 ya kai ba su cika 20 ba. Har yau ba a taɓa zaɓen mace gwamna a Nijeriya ba. Virginia Etiaba da ta riƙe Jihar Anambra daga Nuwamban 2006 zuwa Fabrairun 2007, tsige gwamna Peter Obi ne ya kai ta, kuma da kotu ta mayar da shi ta sauka. Amma abin yana zagayawa ne kamar jakin rijiya. Ba a ji muryarta ba don ba ta kan kujera, ba ta hau kujera ba don ba a san ta ba, ba a san ta ba don ba a ji muryarta ba.

Idan kuma aka tashi nuna mata a siyasa, wace irin fuska ake nunawa? Ki tuna hoton taron jam'iyya a talabijin. A kan dandamali manyan riguna ne da huluna. Can ƙasa cikin rana kuma mata ne sanye da anko mai hoton ɗan takara, ana guɗa, ana tafi. Mai ɗaukar hoto zai haska su na ɗan lokaci don a ga taro ya cika, sannan ya mayar da kyamara kan mai magana. Idan an ba mace lasifika, to shugabar mata ce, za ta yi godiya, ta yi alƙawarin kawo ƙuri'u. Mu ne muka fi kowa bin layi ranar zaɓe, da goyo a baya, amma a labarai mu ne adon taro.

Sai maganar suna, kuma a nan zan ɗan daɗe. Namiji ɗan siyasa da muƙaminsa ake kiransa, ko da sana'arsa idan mai daraja ce: barista wane, injiniya wane, tsohon kwamishina wane. Mace kuwa sai a jingina ta da wani: matar wane, 'yar wane, tsohuwar matar wane. Idan ba ta da aure, a nan labarin zai tsaya cak.

Ki duba marigayiya Aisha Jummai Alhassan. Lauya ce. Ta riƙe kwamishinar shari'a kuma babbar lauyar Jihar Taraba, ta riƙe babbar magatakardar Babbar Kotun Abuja, ta zama sanatar Taraba ta Arewa a 2011. A 2015 ta yi takarar gwamna, har kotun sauraren ƙararrakin zaɓe ta ce ita ce ta ci, kafin kotun ɗaukaka ƙara da Kotun Ƙoli su soke wannan hukunci. Ta rasu a 2021, Allah ya jiƙanta. Yanzu ki tambayi mutum goma a unguwarku wace ce ita. Za su ce Mama Taraba. Sunan nan na ƙauna ne, magoya bayanta ne suka sa mata, ita ma ta karɓe shi hannu bibbiyu, kuma ya taimake ta. Ba na ƙin sa. Abin da nake cewa shi ne, mu 'yan jarida mun riƙe "Mama" mun saki "lauya". Uwa akan je wurinta neman tallafi da lallashi. Ba a cika tambayar uwa yadda za ta tsara kasafin kuɗin jiha ba.

Kada ki ce abin namu ne na baƙar fata kawai. A Fabrairun 2021, da aka tabbatar da Dokta Ngozi Okonjo-Iweala a matsayin shugabar Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, wata jarida a ƙasar Suwizalan ta buga kanun labari tana cewa wai wata kaka ce za ta shugabanci ƙungiyar. Matar da ta riƙe ministar kuɗi har sau biyu, ta yi shekaru fiye da 20 a Bankin Duniya, ta jagoranci tattaunawar da ta sa aka yafe wa Nijeriya bashin dala biliyan 18 a 2005, duk wannan aka tattara aka ce kaka. Sai da aka yi musu caa sannan suka nemi gafara.

Akwai kuma sana'ar da ake ɗaura wa mace a wuya kamar laya. Franca Afegbua, mace ta farko da aka zaɓa sanata a ƙasar nan a 1983, mai gyaran gashi ce, kuma da wannan aka fi tuna ta. Haka aka yi wa Patricia Etteh, mace ta farko da ta zama kakakin Majalisar Wakilai a Yunin 2007. Bayan 'yan watanni aka zarge ta da saɓa ƙa'ida wajen ba da kwangilar naira miliyan 628 ta gyaran gidanta na gwamnati da na mataimakinta da sayen motoci, kuma ta yi murabus a ƙarshen Oktoban shekarar. Zargi ne babba, ya dace a buga shi, ya dace a bi diddiginsa. Amma duk wanda ya bi jaridun lokacin ya san yadda kalmar "mai gyaran gashi" ta riƙa yawo a sharhi da zanen barkwanci, kamar sana'ar ce laifin. Kuma a majalisun hira abin da aka riƙa faɗa shi ne, "Kun ga abin da ya sa ba a ba mata mulki."

To bari mu ɗan waiwaya. A 1999 kakakin majalisar nan, Salisu Buhari, ya sauka saboda takardun karatu na bogi da ƙaryar shekaru. Tsakanin 1999 da 2005 shugabannin Majalisar Dattawa uku suka bar kujera cikin zargi: Evan Enwerem, Chuba Okadigbo da Adolphus Wabara. Mataimakin Etteh ɗin ma, Babangida Nguroje, tare suka sauka. Kin taɓa jin wani ya ce, "Kun ga abin da ya sa ba a ba maza mulki"? Namiji idan ya yi laifi, laifinsa ne shi kaɗai. Mace idan ta yi, da ni da ke duk mun shiga ciki.

Ba cewa nake a rufa wa mace asiri don tana mace ba. Idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Da aka bankaɗo maganar motoci biyu masu sulke na naira miliyan 255 a 2013, lokacin Stella Oduah tana ministar sufurin jiragen sama, 'yan jarida aikinsu suka yi, kuma madalla. Mudun da aka auna wa namiji, shi nake so a auna wa mace. Shi ke nan.

Amma mafi ciwo a nan Arewa shi ne taɓa mutunci. Wannan tsohon makami ne. Hajiya Gambo Sawaba, da ta shiga jam'iyyar NEPU a Zariya tana yarinya a farkon shekarun 1950, ta sha duka, ta sha ɗauri, masu ba da tarihinta suna cewa har sau 16. A zamanin nan duk macen da ta fito taron siyasa sunan banza ake ba ta, kin san sunan, ba sai na faɗe shi a rediyo ba. Abin da take fafutuka a kai, wato mace ta jefa ƙuri'a, sai a 1976 matan Arewa suka same shi, alhali 'yan uwansu na Kudu sun fara tun shekarun 1950. Hajiya Gambo ta rasu a 2001, an sa sunanta a asibiti da ɗakunan kwanan ɗalibai. Amma sunan banzan nan bai mutu ba. Ya dai bar bakin 'yan bangar siyasa ya koma bakin sojojin baka, daga nan ya shige Facebook da TikTok da WhatsApp. Ba sai an fito fili an faɗa ba. Ya isa a ce, "Wai a ina ta samu kuɗin takara?" ko "Wa ya tsaya mata?" tare da 'yar dariya. Namiji ma yana da ubangida a siyasa, kowa ya san haka, amma nasa ubangidan ana kiransa jagora.

Abin da ya faru da Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan ta Kogi ta Tsakiya yana nan sabo a kunnuwanmu. A 2024 shugaban Majalisar Dattawa, Godswill Akpabio, ya tsawatar mata a zauren majalisa da cewa nan ba gidan rawa ba ne, daga baya ya ba da haƙuri. A 2025 rikici ya tashi a kan sauya mata kujera, ta zarge shi da neman ta da lalata, shi kuma ya musanta, majalisa ta dakatar da ita na wata shida a watan Maris bisa saɓa dokokinta. Ba ni ce alƙali ba, ba zan ce wane ne mai gaskiya ba. Abin da na lura da shi a matsayina na 'yar jarida shi ne inda hira ta karkata. Tambayoyin da ke gabanmu manya ne: shin majalisa na da ikon barin mazaɓa guda babu wakilci tsawon wata shida? Wa ya kamata ya binciki zargi idan wanda ake zargi shi ne shugaban wurin? An tattauna su, ban ce ba a yi ba. Amma abin da ya fi yawo a wayoyinmu shi ne kyanta, da tufafinta, da tarihin aurenta. Kuma da baƙin ciki nake faɗa, mata da yawa suna cikin masu turawa.

To me ke jawo haka? Ba duka mugunta ba ce. Bari in shigar da ke ɗakin labarai ki gani. Yawancin wakilan da ke bin siyasa maza ne. Mace idan ta fara aiki, filin mata da yara da girke-girke ake fara miƙa mata, kamar yadda aka miƙa mini. Ba raina filin nan nake ba, ga shi a ciki nake magana da ke. Amma idan 'yar takara ta zo gidan rediyo sai a ce a kai ta filin mata, ɗan takara kuma a kai shi shirin siyasa na dare wanda gari duka ke saurare. Sannan labarin siyasa na gaske ba a taron manema labarai ake samunsa ba. A gidajen manya ake samunsa, da tsakar dare, inda ake ƙulle-ƙulle. Wakiliya mai aure ba ta can, 'yar takara ma galibi ba ta can. Lambobin wayar da ke hannun wakili na maza ne, idan edita ya ce a nemo mai sharhi cikin minti biyar, wanda ya saba kira zai kira.

Sai kuɗi. Da yawa daga shirye-shiryen siyasa da kike ji saye ake yi, minti kaza naira kaza. Mai kuɗi shi ke da baki. Manyan jam'iyyu kan yi wa mata rangwamen kuɗin fom, sai a buga labari ana yabo, amma fom ai ƙofar gida ce kawai. Akwai tallar rediyo, akwai mawaƙa, akwai fasta, akwai ɗan abin da ake kira kuɗin mota da ake ba 'yan jarida bayan taro, wanda ba abin alfahari ba ne gare mu amma yana nan. Macen da ba ta iya waɗannan ba, shiru za ki ji ta.

Idan kuma ta faɗi, sai ta zama abin raha. Sarah Jibril ta tsaya zaɓen fid da gwani na shugaban ƙasa a jam'iyyar PDP a Janairun 2011, ta samu ƙuri'a ɗaya tak. Aka yi ta dariya, ana cewa ko matan da ke wurin ba su zaɓe ta ba. Ƙalilan ne suka tsaya suka bayyana wa jama'a yadda ake zaɓo wakilan nan masu jefa ƙuri'a, da wanda ke riƙe da akalarsu. Ita kuwa Aishatu Dahiru Binani, da ta kayar da maza irin su Nuhu Ribadu da tsohon gwamna Jibrilla Bindow a zaɓen fid da gwani na APC a Adamawa a 2022, tambayar da ta mamaye ko'ina ita ce ko mace za ta iya zama gwamna. Abin da za ta yi da kujerar ya zo a baya.

Akwai lokacin da 'yan jarida suka kyauta, kuma dole in faɗa. A Maris na 2022, da Majalisar Tarayya ta yi watsi da ƙudurori biyar da suka shafi mata a gyaran tsarin mulki, mata suka yi kwanaki a ƙofar majalisa, kafofin watsa labarai suka tsaya a kai har Majalisar Wakilai ta ce za ta sake duba uku daga ciki. Ta nan ne mutane da yawa suka fara jin cewa tun 2006 ƙasar nan take da manufar ba mata kashi 35 cikin 100 na muƙamai, a takarda. Muna kuma da abin koyi a gidanmu, marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf, wadda ta riƙe editan manyan jaridu a Kano da Kaduna a lokacin da ba a saba ganin mace a wannan kujera ba, ta yi rubutu a kan siyasa ba tare da neman izinin kowa ba. Ta rasu a turmutsitsin Mina na 2015, Allah ya gafarta mata.

Ni dai tun daga hirar nan ta ma'aikaciyar jinya na sauya yadda nake shiri. Kafin in shiga situdiyo nakan rubuta tambayoyina, in karanta su ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar kaina ko zan iya yi wa namiji wannan. Wadda ba zan iya ba, sai in soke ta. Wani lokaci rabin takardar ke tafiya. Ke kuma 'yar uwa, yawancin shirye-shiryen siyasa suna buɗe layin waya. Idan kin ji an zaunar da 'yar takara ana ta zagaye a kan mijinta da gyalenta, ki bugo. Ki gaishe da mai gabatarwa cikin ladabi, ki ce kina da tambaya: asibitin garinku, ko makarantar da rufinta ya yaye, ko rijiyar burtsatsen da ta lalace, me za ta yi a kai, da wane kuɗi, kuma zuwa yaushe. Idan ba ta da amsa, kin gane. Idan tana da ita, gari ya ji.

Ita baiwar Allahn nan ba ta tsallake zaɓen fid da gwani ba. Na sake haɗuwa da ita bayan wasu shekaru a wurin wani suna, na tuna mata, na ba ta haƙuri. Ta yi dariya ta ce ta yafe, ta ce takardar ma tana nan a cikin akwatinta, kuma ƙauyuka biyu ne kawai a ciki suka samu ungozoma.

Lokaci ya ƙwace mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba maganar macen da ta yi aure a wata jiha, wadda idan ta fito takara a garin miji a ce ta koma garin ubanta, a garin uban kuma a ce ai ta zama ta wasu. Wadda abin ya taɓa shafa, muna jiran saƙonta.